Tambayi Anti: Mun kai yara wasa Dubai, mun dawo gaisuwa kaɗai ke haɗa ni da maigida

Assalamu alaikum masu karatu. Tunda aka koma makaranta saƙonnin da ke shigo min kusan duk kukansu ɗaya ne, an fita da yara yawon hutu an dawo aljihu wayam. Ga kaɗan daga ciki, na cire sunaye kamar kullum.

Anti barka da aiki, Allah ya ƙara basira. Don Allah ki ban shawara don ni kam abin ya isheni. Wannan hutun maigida ya cika alƙawarin da ya daɗe yana yiwa yara ya kaimu Dubai, mu shida ne, ni da shi da yara huɗu, babbar shekararta 13 autan kuma 3. Kafin mu tafi ya zauna da biro da takarda ya lissafa komai, jirgi da biza da otal da tikitin wuraren wasa, har ya ɗora ɗan wani abu a kai yace na ko-ta-kwana. Anti wallahi ko rabin hutun bamu yi ba kuɗin suka ƙare, sai da ya kira ƙaninsa ya turo masa ta hannun ɗan canji. Tun a can ya fara cewa ni ce ban iya cewa yara a'a ba, ni kuma nace ai shi ne duk wanda yayi kuka sai ya zaro kati. Ni dai ban sayi gwal ba, ban sayi komai na kaina ba in banda turare da abaya biyu, sauran duk tsarabar danginsa ce da nawa. Yanzu mun dawo ga kuɗin makaranta ya taso, in na gaisheshi da ƙyar yake amsawa. Ina kuɗin nan suka shiga? Kuma ya zanyi ya daina ganin laifina? Daga uwar yara huɗu, Kano.

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Ki kwantar da hankalinki, ba sace muku akayi ba kuma ba ke kaɗai kika ci ba, ku duka shidan kuka cinye su kaɗan-kaɗan, har autan da bai san me ake ciki ba. Lissafin da maigidanki yayi lissafin isa bakin get ne. Abin da ke cikin get ɗin bai hau takardar ba, kuma masu wuraren nan a ciki suke jiran mutum.

Bari in bi dake yini ɗaya ki faɗa min in ba haka akayi ba. Kun fito daga otal, ku shida ƙaramar tasi ba zata ɗaukeku ba sai babba ko guda biyu, kuma wuraren wasan nan ba a tsakiyar gari suke ba. Dubai Parks and Resorts inda Legoland da Motiongate suke can Jebel Ali ne a hanyar Abu Dhabi, in kuma Ferrari World ko Warner Bros kuka je to wannan ma ba Dubai bace sam, tsibirin Yas ne a Abu Dhabi, tafiyar sama da awa ɗaya daga Deira inda mutanenmu suka fi sauka. A hanya motar na ratsa ƙofofin Salik, babu mai tsayar daku babu mai miƙo hannu, amma kowace ƙofa ana ɗora dirhami 4 a kan kuɗin tasin, tun farkon 2025 ma ya zama 6 in lokacin cunkoso ne. Zuwa da dawowa kenan, baku taɓa ko lilo ɗaya ba tukuna.

A bakin get a buɗe jakarki, in kin ɗauko ɗan abinci a kula mafi yawansu zasu ce ba'a shiga dashi. Toh kin shiga kenan da yara huɗu, rana ta take, ba zaku fita ba sai dare don tikitin yini ne kuma kowa so yake yaci kuɗinsa. Ruwan gorar da a shagon unguwa can Deira bai kai ya kawo ba a ciki an ninka shi ba sau ɗaya ba sau biyu ba, kuma dole ku sha, ba'a yiwa ƙishirwar Dubai taurin kai. Abincin rana faranti shida, autan ya ɗanɗana cips biyu ya ture yace askirim yake so. Ƙafarsa ta gaji sai ku karɓi hayar keken turawa. Kun tsaya a layi minti arba'in yara sun fara ƙorafi sai ga wasu sun zo sun wuce ta gefe ta wani layi daban, babbar tace Abba su wancan me yasa basa jira, a nan ne aka gaya masa ai akwai wani tikitin na tsallake layi, kowane kai da kuɗinsa. Ina da tabbacin a nan maigidanki ya zaro katin da kansa ba tare da kin ce uffan ba, don babu uban da ke son 'ya'yansa su ga ana wuce su.

Sai kuma abin da yafi bani haushi a tsarin nasu. Kuna saukowa daga jirgin nan mai juya mutum sama da ƙasa, hanyar fita ɗaya ce tal, kuma ta tsakiyar shago ta bi. Ga allo a bango da hotonku kuna ihu baki buɗe mayafi ya tashi, yara na tsalle ga mu ga mu, hoton na kuɗi ne. Ga 'yan tsana da motoci da huluna an jera su daidai tsayin idon yaro ɗan shekara biyar, ba daidai idonki ba. Wannan ba kuskuren gini bane, da gangan aka zana shi haka. Haka wasannin jefa ƙwallo a ci babbar 'yar tsana, yawanci basa cikin tikitin shiga, kowace jifa da kuɗinta kuma ba kasafai ake ci ba. In wurin wasan ruwa ne ki ƙara hayar lokar ajiye kaya da tawul, sannan a ce miki ba'a hawa sululun ruwa da doguwar riga ko atamfa sai kayan wanka, ke da babbar 'yarki kuma ba zaku tuɓe ba, dole ku shiga shagonsu ku sayi masu rufe jiki a farashin da suka ga dama.

Abin da ke ruɗa mutum kuma shi ne ƙanƙantar lambar. Mu da muka saba da dubu goma dubu ashirin, in akace miki 50 sai kiji kamar kyauta ce. Alhali dirhami ɗaure yake da dala tun 1997, dala ɗaya dirhami 3.67, wato 50 ɗin nan dala 13 ce da ɗoriya, ki buga ta da farashin Wapa na ranar ki gani. In kika yi irin wannan 50 ɗin sau goma a yini, kuma wallahi ana yi ba tare da an ji ba, kinga inda ko-ta-kwanan ya bi. A otal ma akwai harajin baƙi da ake karɓa kowane ɗaki kowane dare, daga dirhami 7 zuwa 20 gwargwadon darajar otal ɗin, kuma sau da yawa baya cikin abin da aka biya ta intanet sai an je can.

Amma ni inda idona ya tsaya a wasiƙarki shi ne wurin da kika ce sauran duk tsaraba ce, kika wuce da sauri. Dawo nan 'yar uwa. Danginsa da danginki, Hajiyarsa da Hajiyarki, ƙannen miji, facaloli, maƙwabta, malamin Islamiyyar yara, kowa sai an miƙa masa wani abu don kar a ce kun je Dubai kun dawo hannu na dukan cinya. In kun shiga kasuwar Naif da wannan jerin sunayen a waya ba ƙaramin kuɗi ke fita ba, sannan a filin jirgi akwati ya haura kilo 23 a sake cajin ku. Da wuya in tsarabar nan bata kai kuɗin tikitin wuraren wasan gaba ɗaya ba. Kuma tsaraba ba laifin yara bace ba laifinki bane ke kaɗai, kunya ce ta ku biyun.

Batun maigida kuwa, ni a ganina ba fushi yake dake ba kamar yadda yake jin nauyin ya kira ƙaninsa ya roƙi kuɗi yana ƙasar waje, wannan abin yana cin namiji sosai, ke ce dai mafi kusa shi yasa ya sauke a kanki. Kar ki tsaya ja-in-ja a kan waye ya fara zaro kati ko da kuwa ke ce da gaskiya. Ki bari yara su kwanta, ki kai masa shayi, kice Abban yara don Allah buɗo mana alat ɗin bankin nan mu duba tare. Ku raba su gida uku, na dole irin su mota da abinci da haraji, na kukan yara, da na tsaraba. In ya gani da idonsa cewa na dolen ma kaɗai ya haura abin da ya rubuta, bakinsa zai mutu da kansa. In kina da adashi ko 'yar sana'a ki ɗauki wani ɓangare na kuɗin makaranta ko da littattafai ne, ko ki ce a fara biyan ƙanin nasa da shi. Kuma don Allah kar a yi zancen a gaban yara, kar su taso suna tuna tafiyar a matsayin wadda ta haɗa iyayensu faɗa. Gaba in Allah ya sake nufa, tun a otal a ba kowane yaro kuɗinsa a hannu, a ce masa wannan ne naka na yau, in ka saye balan-balan da safe babu askirim da yamma. 'Yar shekara 13 ɗin nan zaki sha mamakin yadda zata koma marowaciya in kuɗin a jakarta suke.

Hajiya ina gaisuwa. Ni ɗan kasuwa ne, Allah ya hore, ina so dogon hutu mai zuwa na watan Agusta in kwashi iyalina gaba ɗaya, mata biyu yara tara da mahaifiyata, mu je Dubai yara su ga wuraren wasan nan. Wani ejan ya bani farashi yace komai da komai na ciki ba zan ƙara ko sisi ba. In biya? Daga wani Alhaji, Sakkwato.

Alhaji Allah ya ƙara buɗi ya saka da alheri, ba kowane mai hali ke tuna iyali haka ba. Amma kar ka biya tukuna. "Komai da komai" a bakin ejan ba alƙawari bane sai ya hau takarda. Ka ce ya rubuto maka ɗaki nawa ne, don ku goma sha uku ne kuma otal a can suna da iyakar mutanen da ke kwana a ɗaki, ba irin namu bane da za'a shimfiɗa tabarma a ƙara mutum uku. Kowace uwargida da amarya da ɗakinta daidai da na 'yar uwarta, Hajiya da nata, manyan yara maza da nasu, kaga harajin dare na kowane ɗaki ma ya zama abin lissafi. Ya rubuto abinci sau nawa ne a rana, don yawanci karin kumallo ne kawai. Ya rubuto sunan kowane wurin wasa da ko tikitin na yini ɗaya ne, da motar kaiwa da ɗaukowa, kuma motar zata jira ku ne ko direba zai ce ƙarfe biyar ya tashi aiki.

Sai batun Agusta. Alhaji kai ɗan Sakkwato ne nasan zaka ce wace rana ce bamu gani ba, toh amma ta can da gumi take tafe saboda teku, ma'aunin zafi na haura 40 kuma iskar kanta jiƙe take, yaro ba zai iya tsayawa layi a waje ba balle Hajiya. Global Village da mutane ke yawan ɗauko hotonta ma a rufe take a lokacin, daga wajen Oktoba take buɗewa zuwa bazara. In dole sai Agustan to ka zaɓi wuraren da ke cikin rufi da sanyin AC, irin IMG Worlds of Adventure a Dubai da aka buɗe 2016, ko Warner Bros da Ferrari World a tsibirin Yas. A Yas ɗin akwai tikitin da ke haɗa wurare biyu ko uku ko huɗu wanda yafi sauƙi a kan saye ɗai-ɗai, akwai kuma bas da ke ɗauko masu tikiti daga Dubai kyauta, da yawanku wannan ba ƙaramin rangwame bane.

Ka sa a auna tsayin yaran tun a gida, da tef ɗin tela ma ya isa. Manyan abubuwan hawa da tsayi ake shiga ba da shekaru ba. Formula Rossa na Ferrari World, wanda ke gudun kilomita 240 a awa, sai yaro ya kai santimita 140. Ba ƙaramin takaici bane ka biya wa yaro cikakken tikiti ya yini yana kallon yayyensa yana kuka, ƙarshe ka lallashe shi da shago. Ƙananan Legoland ce tasu, don 'yan shekara 2 zuwa 12 aka gina ta. In son samu ne a raba tawaga, manya da kai, ƙanana da iyayensu mata, kowa inda zai ci kuɗinsa. Hajiya kuwa ka tambaye ta tukuna, don ko ba zata hau komai ba sai an saya mata tikitin shiga, ta yini a kan benci tana jan carbi cikin kiɗa da ihu, wataƙila tafi son a barta a otal da jika ɗaya da yamma a kaita kasuwa.

Ka tuna kuma jirgi na lissafa yaro babba ne daga shekara 12, ɗan shekara 2 kuma sai an saya masa kujera. Biza ma ka bi a hankali, Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, ƙasar da Dubai take ciki, ta dakatar da ba 'yan Najeriya a ƙarshen 2022 sai Yulin 2024 aka dawo, kuma sharuɗɗan sun fi na da tsauri, in an hana mutum ba'a mayar da kuɗin. Kar ka yarda a saya maka tikitin wurin wasa ko otal da ba'a fasawa kafin bizar kowa ta fito. Inshorar lafiya kuma kar ka ɗauke ta almubazzaranci, yara tara da dattijuwa, zazzaɓi ɗaya cikin dare a asibitin kuɗi na can sai ya ci abin da ya fi inshorar ku duka.

Anti otal ɗin da muka sauka a Dubai sun cire min kuɗi a kati ranar da muka isa sukace na ajiya ne zasu dawo dashi, yau sati biyu da dawowarmu shiru. Kuma na lura duk abin da na saya da katin abin da banki ya cire yafi abin da na lissafa. Damfara ce? Daga wata ma'aikaciya, Abuja.

Ba lallai damfara bace ƙanwata. Otal da yawa suna riƙe wani abu a kati saboda ko za'a ci na cikin firinjin ɗaki ko a fasa wani abu, in an fita lafiya sai su saki, amma kafin sakin ya iso bankinki na gida yana iya ɗaukar makonni. Ki tura wa otal ɗin imel su baki shaidar sun saki, ki kai wa bankinki a rubuce, kar ki tsaya kiran waya kawai. Ki duba risit ɗin fita ma da kyau, wataƙila yara sun buɗe firinjin nan sun sha lemo da cakulan baki sani ba, an zare daga ciki.

Na biyun kuma abu biyu ne. Banki na da nasa farashin canjin da cajin amfani da kati a waje, ba farashin da kike gani a Google ba. Sannan wani lokaci na'urar POS ɗin can zata tambayeki da dirhami zaki biya ko da dala, mutum sai yaga dala ya sani ya danna ta, alhali nan ma wani canjin ne da ribarsu a kai. Kullum ki zaɓi kuɗin ƙasar da kike ciki. Wani abu da mutanenmu ke bari a baya kuma, harajin VAT na kashi 5 da Daular ta fara karɓa a 2018, baƙo na iya karɓo mafi yawansa a filin jirgi in kayan da ya saya a shago mai rajista sun kai dirhami 250, amma sai kin nuna fasfo tun a shagon an yi miki rajistar, kuma kaya kawai ya shafa banda abinci da tikitin wasa.

Anti mu dai talakawa ne ba Dubai muka je ba. Ni malamin makaranta ne, da yawon sallah nace bari in kai yarana uku wani wurin wasa a Abuja su ma su ga duniya. Muna shirin fita sai ga 'ya'yan yayata biyu da ɗan maƙwabcinmu sun ci kwalliya sun tsaya jikin mota. Na biya kuɗin get na ɗauka shikenan, ashe kowane lilo da nasa tikitin. Anti albashin rabin wata ya tafi. Ya ake cewa 'ya'yan dangi a'a ba tare da an ɓata zumunci ba? Daga Malam, Kaduna.

Malam sannu, wallahi na yi dariya na kuma tausaya maka, ina hango su jikin motar nan da sabon ɗinki da tabarau na roba. Wanda ya kai shida Abuja a wannan tsadar man fetur tun da aka cire tallafi a 2023 ai bai kamata ya kira kansa talaka ba.

Yawancin wuraren wasan namu na gida haka tsarinsu yake, kuɗin get daban kuɗin hawa daban, wasu su loda maka kuɗi a kati ko su ɗaura wa yaro abu a hannu, kuma da sallah wasu na ƙara farashi. Ga mai hoto, ga mai zanen fuska, ga mai alawar auduga, ga mai POS da zai cire nasa in netwok ɗin wurin ya ƙi. Kafin a tashi ka kira su ko ka duba shafinsu na Instagram ka tambayi abu ɗaya, nawa ne get nawa ne kowane hawa, kuma ana shiga da abinci? In ana shiga, uwargida ta dafa taliya ko dambu a kula da zoɓo a gora, rabin kashe kuɗin ya tafi kenan. Tun a mota ka sanar, kowa hawa uku, ya zaɓa da kyau.

A'a kuwa ba a jikin mota ake faɗinta ba, in yaro ya riga ya sa takalmi an gama, duk wanda ya kore shi a lokacin ya zama mugun kawu har abada. Kwana biyu kafin sallah ake kiran yaya, kace Yaya zan fita da yara in su wane zasu zo a haɗo su da kuɗin hawansu ni na ɗauki mota da abinci. Yayarka ce, ta san albashin malami, ba zata ji haushi ba, in ma taji na yini ɗaya ne. Yaran kuma ai sun tara barka da sallah, ba laifi bane a ce kowa ya taho da nasa. Shi ɗan maƙwabci dai sadaka ce ka riga kayi, Allah ya karɓa. Kuma ba dole sai ranar sallah ba, in ka bari kwana huɗu biyar cunkoso ya ragu yara zasu fi hawa su more, ba a yini a layi ba.

Anti muna zaune a Manchester maigida na karatu, yara sun dame mu da Disneyland ta Faransa tunda 'yan ajinsu duk sun je. Na ga tikiti a intanet da ɗan sauƙi. Me zan ƙara a lissafi? Daga Maman biyu, Ingila.

Maman biyu fara da biza, don zaman Ingila baya ba mai fasfon Najeriya damar shiga Faransa, sai kun nemi ta Schengen, wato bizar da ake shiga Faransa da wasu ƙasashen Turai da ita, yuro 90 babba, 45 yaro ɗan shekara 6 zuwa ƙasa da 12, ƙasa da 6 kyauta, ga kuɗin ofishin da ke karɓar takardun, ga inshorar da dole ta kai ta yuro 30,000. Samun ranar ganawa kafin hutun makaranta ma wani aiki ne, ki fara da wuri.

Tikitin da kika gani mai sauƙi ki duba ranar da ke jikinsa, farashinsu na hawa da sauka ne da rana, mai arhar yawanci tsakiyar mako ne lokacin da yara ke aji, kuma a Ingila kin san ana cin tarar iyaye in sun cire yaro daga makaranta don yawo. Ki duba kuma na fili ɗaya ne ko biyu don filaye biyu ne a wurin. Ƙasa da shekara 3 kyauta, daga 12 kuɗin babba. Tsallake layi da can kyauta ne yanzu na kuɗi ne, Premier Access suke ce masa. Jirgin ƙasa na Eurostar da ke zuwa har ƙofar wurin kai tsaye daga Landan ya daina tun 2023, sai kun canza a Lille ko Paris. In otal ɗin cikin Disney yayi tsada ku sauka a wajen ku hau jirgin ƙasa na RER A zuwa tashar Marne-la-Vallée, a bakin get take ajiye mutum, kuma tun Janairun 2025 kuɗin jirgin farashi ɗaya ne a duk yankin, yuro biyu da ɗoriya. Ki tafi da rigunan ruwa na leda daga gida don ruwan sama a can baya sallama, da gorar ruwa da zaki riƙa cikawa a famfo, da ɗan abin taɓawa a jaka saboda neman abincin halal a ciki da yara masu jin yunwa ba daɗi. Kunnuwan Mickey ɗin nan da kowane yaro ke sawa kuma ki sayo a kanti tun a Manchester ki ɓoye a akwati sai safiyar ranar ki fito musu dasu.